Kanti ya rame, waya ta yi ƙiba: tambayoyi da amsoshi kan kayan kwale-kwale da na kamun kifi a Maraɗi

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da igiya da zaren nailan ya fara wannan sana'a, daga baya ya ƙara raga da ƙugiya da dalma. Ni na gaji shagon, na ƙara kayan inji da rigunan ruwa. Shekarun nan tambayoyin da ake yi mini a bakin shago sun zama iri ɗaya, har yaron shagona ya haddace amsoshin. Wasu da fushi ake yin su, wasu da raha. Ga su nan yadda ake faɗarsu.

Alhaji, Maraɗin da ba teku ba kogi, wa ke sayen kayan jirgi ma?

Baƙi ke yin wannan tambayar, yawanci ƴan Yamai, waɗanda ke ganin in ba kogin Isa ba to babu ruwa a ƙasar nan. Ka ɗauki hanyar kudu kilomita ashirin da ɗoriya, ga tafkin Madarunfa nan da masuntansa. Gulbin Maraɗi yana kawo ruwa da damina daga wajen Jibiya, ya bi ta gefen gari da Tibiri ya sake komawa Najeriya, kuma akwai ƙauyukan da in ya cika sai an yi fito da kwale-kwale. Akwai ƙananan tafkuna da ake zuba wa ƴaƴan kifi. Ga kuma masu tafiya ci-rani su yi su a Gaya ko Yawuri ko bakin tafkin Cadi, sukan yi sayayya a gida kafin su kama hanya.

Sai dai kasuwar ƙarama ce. Jiragenmu na katako ne, filafili da gwangwala ke tafiyar da su, mai inji ɗai-ɗai ne. Duk sauran amsoshin daga nan suka taso.

Sau biyu ina zuwa neman ragar kalli mai ido yatsa uku ana ce mini babu. Kun daina sana'ar ne?

Ba mu daina ba, ɗan'uwa, jari ne ya gaza. Raga ba shinkafa ba ce da buhu ɗaya zai yi wa kowa. Akwai ido yatsa uku, uku da rabi, huɗu, biyar, shida. Kowane ido akwai siriri da matsakaici da mai kauri. Akwai ta roba, wadda kifi ba ya gani sosai a ruwa, akwai ta zare, wadda ta fi jure ja da gyara. Mai neman karfasa abinsa daban, mai tarwaɗa daban, mai fakon giwan ruwa daban. Yi lissafi da kanka: ido biyar, kauri uku, iri biyu, ka samu talatin ke nan. Kafin a ce shago ya cika sai na ajiye bandir biyu ko uku na kowanne, ban taɓa maganar birgi, ragar jifa, ba, ban taɓa ƙugiyar mamari, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, ba, wadda ita ma lamba-lamba ce.

Cinikin kuma na ƴan watanni ne, daga cikar ruwa zuwa bayan kaka. Abin da bai fita ba zai kwana har baɗi a ƙarƙashin kwano, ya sha bazarar Maraɗi, nailan kuwa ba ya shiri da zafi da rana, ɓera ma ba ya raga masa. Maƙwabcina mai taliya da man gyaɗa yana juya kuɗinsa sau da yawa a wata. Ni jika ɗari biyar ɗin da na sa a raga tana iya shekara ba ta dawo ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in na ciki ya kwanta a kan kanta da me zan jawo sabon kaya?

Mahaifina yakan cika shago har rufi ba tare da fargaba ba, domin a zamaninsa wanda bai samu a wurinsa ba sai ya je Kano da ƙafarsa. Ya san komai daɗewa za a zo a saya. Ni ba ni da wannan tabbacin. In na kawo bandir goma, ban sani ba ko mutum bakwai cikin masu buƙata sun riga sun yi oda ta waya. Shi ya sa nake kawo uku, ukun su ƙare, kai ka zo ka tarar babu, ka yi fushi ka koma waya, baɗi in kawo biyu. Haka abin ke cin kansa.

Ai an buɗe iyaka. Har yanzu da ita za ku riƙa fakewa?

An buɗe wata, wata tana nan. Kuma wadda aka buɗe ɗin sai da ta karya mutane tukuna. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Ba mu gama miƙewa ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, Ɗan Isa da Jibiya suka sake rufuwa har Maris 2024. Dubi lokacin da kyau: ƙarshen Yuli, tsakiyar damina, daidai sa'ad da masunci ke neman sabuwar raga. Kakar waccan shekarar ta wuce mu a tsaye.

Hanyar Kwatano kuwa, wadda manyan ƴan kasuwar garin nan suka saba shigo da kwantena ta cikinta, ba ta koma yadda take ba. Kaya sun koma sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, su iso Yamai, sannan su yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa nan. Wanda zai sha wannan wahalar shinkafa da sukari da taya zai loda, ba ragar masuntan Madarunfa ba. Kayanmu dama saƙo ne da ake cusawa a gefen kwantenar wani, gefen ne ya ɓace.

Naira ta faɗi. Me ya sa kayan da kuke sarowa a Kano ba su yi araha ba?

Domin ba a Kano ake saƙa ragar ba. Yawancinta daga ƙasar Sin da sauran ƙasashen Asiya take zuwa, da dala ake biya. A tsakiyar 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Dilan Legas ya ƙara, na Kano ya ƙara. Sefarmu tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka ɗan canji yana ba mu naira da yawa, amma abin da muka samu a canji muna mayar da shi a farashi. An kuma cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi daga Legas har Jibiya. Ku da kuke sayen mai wurin ƴan ruwa-ruwa kun fi ni sanin wannan.

To ta yaya na waya yake sayarwa ƙasa da ku?

Ba ya biyan hayar shago, ba ya biyan patanti, ba shi da yaro, ba shi da mai gadi. Mafi girma kuma, sau da yawa ba shi da kayan ma. Hoton dila yake ɗorawa a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, sai ka tura kuɗi ya je ya saro da kuɗinka ya sa a mota. Jarinsa kuɗinka ne, ɓera ba ya cin hoto. Wasu kuma suna haɗa oda daga Alibaba ko AliExpress, wakili a Guwanju, can ƙasar Sin, ya auna da kilo ya turo ta jirgin sama.

Ban ce haramun ba ne, kasuwanci ne. Amma ka haɗa lissafin duka kafin ka ce ya fi araha: kuɗin turawa, abin da ɗan canji zai ci in a naira ne, kuɗin mota, abin da za a nema a hanya, kabu-kabun da zai kai ka tasha sau biyu domin ranar farko saƙon bai iso ba. Wani lokacin duk da haka ya fi nawa sauƙi, ba na musu. Wani lokacin bambancin bai kai kuɗin shayi ba.

Ku ma ba ta wayar kuke saye ba?

Ta nan muke saye mana. Rabona da kwana a Kano don sari an daɗe. Dilana yana turo mini bidiyo, in zaɓa, in tura kuɗi, direba ya kawo. Bambancin shi ne mutumin ya san mahaifina, na san ƙofar shagonsa, in kaya suka zo ba daidai ba mota ɗaya za ta mayar da su. Ni da waya ba mu da faɗa. Abin da nake ja da shi cinikin biri a sama ne da wanda ba ka san inda yake kwana ba.

An ce ka hana ɗaukar hoton kaya a shagonka. Rowa ce ko me?

Bari in ba ka labari. Wani saurayi ya zo da hantsi, muka gaisa, yaro ya kawo masa ruwa. Ya sa aka sauko da bandir huɗu. Ya zura yatsu a ido, ya ja zare da haƙori, ya ɗaga wa haske, ya tambaye ni wanne ya dace da karfasa a ruwa mai ciyawa, na yi masa bayani kamar ɗan cikina. Sai ya fiddo waya ya ɗauki hoton takardar da ke jikin bandir ɗin, ya ce bari ya yi shawara da babansa. Bayan mako biyu ga shi ya dawo da fara'arsa, yana neman dalma da igiya, wai ragarsa ta iso.

Na sayar masa, ban ce komai ba. Amma a nan ciwon yake. Abu mara nauyi mai riba, raga da ƙugiya da buji, shi ake saye ta waya, domin kuɗin motarsa kaɗan ne. Abu mai nauyi mara riba, dalma da igiya da ƙusa da kwaltar liƙe jirgi, shi ake bar mana. Da, ribar raga ce ke ɗauke da nauyin ajiye dalma. Yanzu an kwashe naman an bar mu da ƙashi, kuma ana son shago ya kasance a buɗe ranar da igiya ta tsinke da asuba. Hoto dai ban hana ba gaba ɗaya. In ka ce mini gaskiya kwatantawa za ka yi, zan ma karanta maka lambar da bakina.

To me ka yarda a saya ta waya, tsakaninka da Allah?

Duk abin da sunansa da lambarsa sun isa su bayyana shi. Ƙugiya a kwalinta, in ka san kamfani da lamba, misali Mustad ta ƙasar Nowe, ko da yake ita ma ana yin jabunta. Ka tuna a irin wadda muke ɗaura wa mamari, lamba in ta hau ƙugiya ƙanƙancewa take, 12 ta fi 8 ƙanƙanta. Fitilar goshi, ƙaramin faifan sola na cajin waya, sikeli, akwatin ƙanƙara, duk waɗannan ba laifi, wasu ma ban taɓa kawo su ba.

Abin da sai hannu ya taɓa: raga, igiya, rigar ruwa, da duk wani abin da zai shiga cikin inji.

In dole ta sa zan yi odar raga, me zan faɗa wa mai sayarwa?

Kada ka ce masa yatsa uku ka yi shiru. Yatsunka ba nasa ba ne, kuma masana'anta ba ta san yatsa ba, inci da milimita ta sani. Ka ja ido ɗaya ya miƙe, ka auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa, ka faɗa masa a milimita. Ka sa shi ma ya ɗora ma'auni a kan tasa ya ɗauko maka bidiyo, ba hoto ba.

Sai kauri. Ta zare za ka ga an rubuta 210D/3 ko 210D/6 ko 210D/9, lambar ƙarshe in ta ƙaru zaren ya ƙara kauri. Ta roba da milimita ake rubutawa, kamar 0.20 ko 0.30. Sai tsawo da zurfi: yadi nawa ne, ido nawa ne daga sama zuwa ƙasa. Nan aka fi yin cuta. Takarda ta ce yadi 100, a warware a tarar an yanke wani abu an sake naɗewa. Ka ce a ɗora maka bandir ɗin a sikeli kana gani, nauyi yana tona asiri. In ta iso, kafin ka ɗaura mata igiya ka kama ƙulli ɗaya ka ja gefe da gefe. In ƙullin yana zamewa, idon zai buɗe a ruwa kifi ya wuce ya bar ka da sallama. In zaren yana karyewa kamar busasshiyar ciyawa, ta daɗe a rana.

Injina Yamaha ne mai doki 15. Me ya sa ko ƴar robar ruwa ba ku ajiyewa?

Saboda masu inji a yankin nan ba su da yawan da za a tara musu kaya, ga Yamaha, ga na Shinuwa irin su Parsun, wani mai gajeriyar ƙafa wani mai doguwa. Buji da man haɗi na inji mai bugu biyu ina ajiyewa, domin wasu masu injin ban ruwa ma suna leƙowa. Sauran sai oda.

A nan ni ma na sha kashi. Wani mai fito ya zo da damina, ƴar farfelar robar nan da ke jan ruwan sanyaya inji ta cinye. Dilana ba shi da ita, sai na ga wani yana tallarta a waya, hoto tas, farashi mai daɗi. Na ce araha ta samu, na yi odar goma. Kwana tara suka iso. A ido babu bambanci. Makanike ya sa, aka tayar da inji a cikin tano, muka tsaya muna jiran ɗan ruwan nan da yake tsartowa ta baya, wanda muke ce wa fitsarin inji. Shiru. Aka kwance aka auna, ashe ta gaza tsayi da kamar milimita biyu. Da a kan gulbi aka gwada da mutane a ciki, inji zai yi zafi ya tsaya a tsakiyar ruwa. Na kira mutumin, ya ce zai duba. Washegari lambar ba ta shiga. Tara ɗin suna nan a kwali saman kanta, ina kallonsu kullum.

Don haka in za ka yi oda, ko ta wurina ko ta wani, ka ɗauki hoton ƙaramin farantin da ke jikin maƙalin inji, inda aka buga samfuri da lamba. Tsohuwar da ka cire kuma kada ka yar, ka zo da ita.

Rigar ruwa ta waya rabin kuɗin taka ce. Ba duk lemu-lemu ba ce?

Launi ba ya ɗaga mutum. A jikin ta kirki akwai rubutun nauyin wanda za ta ɗauka da ƙarfin ɗagawarta, 50N ko 100N ko 150N. Mai 50 ta wanda ya iya ruwa ce. Fasinjan fito, mace da goyo ko tsoho, mai 100 zuwa sama yake buƙata, mai ƙeya da ke tallafe kai. Na taɓa farke wata mai araha na tarar da soso irin na kwalin talabijin, ɗinkin maɗaurinta kuwa da hannu ɗaya na ɓalle shi. Ko a wurina ka saya, ka sa ta ka shiga ruwa iya ƙirji ka ɗaga ƙafafu ka gani, kafin ka sa wa ɗan wani.

Na tura kuɗi mako uku, ba kaya ba amsa. Yaya zan yi?

Ka adana takardar turawa da duk saƙonnin murya, ka kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma. In mutumin yana cikin ƙasa akwai ɗan fata, tunda da katin shaida ake karɓar kuɗi a Nita ko Amana ko Al Izza. In yana ƙetaren iyaka, sai haƙuri ya fi yawa. Gaba, ka nemi wanda ka sani a garin ya je ya ga kayan da idonsa, ko a damƙa wa direban da ka sani, ka biya in sun iso.

Alhaji, yaranmu sun ce ka taƙaita bashi. Haka muka yi da mahaifinka?

Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa, ba haka kuka yi ba, kuma kunyar wannan tambayar nake ji. Littafinsa yana nan: a ɗauki raga da saukar ruwa, a biya in kifi ya samu, wani da kuɗi wani da banda. Abin da ya riƙe wannan tsarin shi ne mai ɗaukar bashi a shekarar tsiya shi ne mai saye da kuɗi a shekarar wadata. Yanzu in da kuɗi a hannu waya ake dannawa, in babu a tuna da ni. Na waya bai taɓa ba kowa bashin ƙugiya ɗaya ba, bai san ranar sunan ɗan kowa ba. Ban rufe littafi ba, ranka ya daɗe. Wanda ka tsaya masa zan ba shi. Amma a ja musu kunne, su riƙa kawo mini cinikin hannu ko da rabi ne.

Akwai raga mai ƙananan ido da na gani a waya, da wani inji mai kama kifi da lantarki. Za ka kawo?

A'a. Tun dokar kamun kifi ta 1998 aka hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6 in an ja, aka hana guba da nakiya da lantarki. Ma'aikatan ruwa da gandun daji in sun kama, kai za su kama, mai tallar yana can. Tafki kamar na Madarunfa, wanda ke ja baya duk rani, in aka tace ƴaƴan kifinsa da gidan sauro shekara biyu, ni da kai duk mun tashi daga sana'a.

In jirgin ƙasan Kano ya iso, abin zai gyaru?

An aza harsashin layin a Fabrairu 2021, kilomita 284 ne, ta Katsina da Jibiya. In ya fara aiki kaya masu nauyi za su yi sauƙin zuwa, dalma da katako da igiya. Amma jirgin da zai kawo nawa shi zai kawo na mai waya.

To yanzu in ina son kada in zo in tarar babu, me zan yi?

Ka zo tun bazara, kafin ruwa ya sauka, lokacin da dila bai ɗaga farashi ba kuma hanya ba ta lalace ba. Ka yanko mini tafin hannu ɗaya na tsohuwar ragarka, ya fi duk wani bayani. Ku haɗu ku biyar ko goma daga gari ɗaya ku yi oda tare, kuɗin mota ya rabu, ni ma in samu bakin neman ragi. Kafin alƙalami rabi ne, sauran in ka warware ka auna a gabana ka gamsu, in ba ta yi ba ni zan mayar, ba kai ba. Daga Kano, in hanya lafiya, ba ya wuce ƴan kwanaki. Kayan inji da sai an nemo daga Legas ka ba ni mako biyu.

Litinin da Juma'a ranakun kasuwa ne, ba na samun sukunin dogon zance. In maganar oda ce ka zo Talata ko Laraba da hantsi.